Audu Bako: Ɗan sandan da ya bar darasin mulki a gonakin Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar hunturu, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. Ya baro busasshen karan dawa da ƙura a baya, sai ga gonaki kore shar hagu da dama: alkama, tumatir, albasa da masara. Ruwan da ke shayar da su yana gangarowa ne da ƙafarsa ta cikin kanal daga madatsar Tiga, babu inji babu mai, har ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam.

Mutumin da aka aza harsashin wannan aiki a zamaninsa ya rasu tun 1980. Matasan Kano da dama sun san sunansa ne kawai a jikin sakatariyar gwamnati, da gidan zoo, da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta. Shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

Audu Bako bai taɓa tsayawa takara ba, kuma ba a jami'a ya koyi mulki ba. Duk da haka rayuwarsa ta ratsa kusan kowane reshe na ilimin da ake kira kimiyyar siyasa. A jami'o'i irin su Bayero da ke Kano da Ahmadu Bello da ke Zariya, ana raba wannan fanni gida-gida. Akwai falsafar siyasa, mai tambayar abin da ya halatta mulki da abin da ya wajaba a kan shugaba. Akwai gudanar da harkokin gwamnati, wato yadda ma'aikatu da ma'aikata ke mayar da umarni ya zama aiki. Akwai nazarin manufofin gwamnati, da siyasar tattalin arziki, da kwatanta tsarin mulkin wurare daban-daban, sai kuma hulɗar ƙasa da ƙasa. Ɗalibi kan haddace waɗannan sunaye don jarrabawa, alhali amsoshinsu suna kwance a bakin kanal ɗin Kadawa.

Tasowarsa a bariki

An haifi Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924. Kaduna a lokacin sabon gari ne, domin a 1917 ne Turawa suka kammala dawo da hedikwatar Arewa can daga Zungeru. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe shekaru masu yawa yana aiki, don haka yaron ya buɗe ido ne a wurin da ake tashi da ƙaho, a yi fareti, a rubuta komai a littafi.

Ya yi karatu a Kaduna, ya wuce Midil ta Zariya, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya zama malami mai koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Ya ci gaba da hawa har ya kai Mataimakin Kwamishina, aka ɗora masa nauyin sa ido kan 'yan dokan En'e na duk Jihar Arewa.

Wannan muƙami shi ne makarantarsa ta mulki. A wancan zamani jami'an tsaro iri biyu ne a Arewa: 'yan sandan Najeriya da ke ƙarƙashin gwamnati, da 'yan doka da ke ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta. En'e ce ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, ita ke da kotunan alƙalai, ita ke da gidan yari. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta daɗe tana kukan cewa ana amfani da waɗannan hukumomi wajen muzguna wa 'yan adawa. Audu Bako ya ga tsarin daga ciki. Ya san ƙarfinsa wajen isar da umarni har ƙauyen da mota ba ta zuwa, ya kuma san abin da ke faruwa idan mai kama mutum da mai yi masa shari'a da mai tsare shi duk suna amsa wa fada ɗaya.

Gwamnati daga tushe

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci rayukan Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello. Wani juyin ya biyo baya a watan Yuli, Yakubu Gowon ya hau mulki. A ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya rushe manyan jihohi huɗu na ƙasar nan, ya ƙirƙiro jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Kano ta samu jiharta, wadda ta ƙunshi masarautun Kano, Haɗeja, Gumel da Ƙazaure. Aka naɗa Audu Bako gwamna. Yana cikin 'yan sanda uku da Gowon ya ba jihohi, tare da Usman Faruk a Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk a Binuwai da Filato.

Abin da ya tarar jiha ce a takarda. Ma'aikatu da manyan ma'aikata da fayiloli duk suna Kaduna, sai da aka raba su tsakanin sababbin jihohin shida, kuma sai a watan Afrilun 1968 jihohin suka fara cin gashin kansu sosai. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da masu sana'a 'yan Kudu maso Gabas da yawa sun bar Kano. A watan Yulin 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai a Janairun 1970.

A nan ne reshen gudanar da harkokin gwamnati ke shigowa. Masana kan danganta mafarinsa da wata maƙala da Woodrow Wilson ya rubuta a 1887, kafin ya zama shugaban Amurka, inda ya nuna cewa zartar da doka ilimi ne mai zaman kansa, dabam da yin ta. A Arewa, cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ce ta horar da yawancin akawuna da jami'an En'e na wancan ƙarni. Tambayoyin wannan reshe ba su da armashi a bakin 'yan siyasa, amma su ne ke yanke hukuncin ko aiki zai tsaya: wa za a ɗauka aiki, wa ke amsa wa wa, ina kuɗi za su fito, wa zai binciki yadda aka kashe su.

Matakin farko da ya ɗauka shi ne zaɓen mutane. Shi ba haifaffen Kano ba ne, don haka ya jawo 'yan gari daga ɓangarorin da a jiya ba sa ga maciji. Cikin kwamishinoninsa akwai Alhaji Yusuf Maitama Sule, tsohon ministan NPC, da Alhaji Tanko Yakasai, ɗan gwagwarmayar NEPU. Akwai Alhaji Aminu Ɗantata daga gidan kasuwanci, da Alhaji Inuwa Dutse wanda ya riƙe ma'aikatar gona. A daidai lokacin Malam Aminu Kano yana Legas a matsayin kwamishinan tarayya.

Mataki na biyu shi ne gyaran En'e. A waɗannan shekaru ne aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakunan Arewa. Kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha, 'yan doka kuma aka haɗe su da 'yan sandan Najeriya. A Kano aikin ya faɗo a kan mutumin da ya fi kowa sanin 'yan dokan. Ya yi shi ne a lokacin da Sarki Ado Bayero, wanda ya hau karaga a 1963, yake matashin sarki, kuma hujjar da gwamnan ya bayar ita ce raba sarauta da waɗannan ayyuka zai ƙara mata daraja a matsayin uwar al'umma da jagorar addini.

Gwamnatinsa ta buɗe makarantun 'yan mata da na horar da malamai mata, tana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan wajabcin ilmantar da mata. Ta kuma yi tunanin yawon buɗe ido tun kafin a saba jin kalmar, abin da ya haifar da gidan zoo na Kano da otal ɗin bakin tafkin Bagauda, wanda yau ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.

Shawarar tare ruwa

Babban abin da ake tuna shi da shi ruwa ne. Matsalar a bayyane take. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, gonaki ƙanana ne, damina kuma wata huɗu ce ko ƙasa da haka. Da an gama girbi sai magidanta su tafi cin rani. Kogin Kano kan cika ya tumbatsa a watan Agusta, ya koma yashi kafin bazara. Noman rani da ake yi a fadamu da jigo ne, ɗan abin da ƙarfin mutum zai iya ɗebowa.

Masu nazarin manufofin gwamnati kan bi kowace manufa mataki-mataki: yadda aka fahimci matsala, hanyoyin da ke akwai, wadda aka zaɓa, yadda aka aiwatar, da abin da ya biyo baya. Gwamnatin Audu Bako ta zaɓi babbar hanya, wato tare ruwan damina a madatsu a sake shi da rani. An fara da madatsar Bagauda a 1969, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Wani kamfanin ƙwararru na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya yi aikin tsara shirin. Daga nan aka shiga ginin Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala a 1974. Tafkin ya mamaye murabba'in kilomita 178, kuma an gina shi ne don ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan biyu. Kashin farko na shirin noman ranin an tsara shi kan hekta 22,000.

Abubuwa biyu sun taimaki shawarar. Fari mai tsanani da ya afka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya lalata amfanin gona, ya kuma rufe bakin masu ganin aikin ɓarnar kuɗi ne. Sannan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗi suka shigo wa gwamnatoci fiye da yadda aka yi zato.

Akwai wata hanyar da ba a bi ba a lokacin, wato ƙananan rijiyoyi da injinan ban-ruwa a hannun manomi ɗaya-ɗaya. Ita ce daga baya hukumar KNARDA da shirin Fadama suka yaɗa daga shekarun 1980 zuwa na 1990. Har yau masana na muhawara kan wacce ta fi arha da amfani ga talaka.

Wa ya samu, wa ya rasa

Wani masanin siyasa ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya taƙaita siyasa a 1936 da cewa magana ce ta wanda ya samu, da abin da ya samu, da lokacin da ya samu, da yadda aka yi ya samu. Wannan ita ce tambayar siyasar tattalin arziki, kuma ruwan Tiga ya amsa ta ta fuska fiye da ɗaya.

Waɗanda suka samu ba ɓoyayyu ba ne. Manomin da a da yake noma sau ɗaya a shekara yanzu yana yin biyu, wani ma uku: shinkafa da damina, alkama ko kayan miya da rani. Kura ta zama cibiyar shinkafa, inda mata ke turara ta, injina ke casa, 'yan kasuwa ke zuwa sari daga jihohi masu nisa. Daga kasuwar Kwanar Gafan ake lodin tumatir zuwa Kudu. 'Yan ƙwadago, masu saƙa kwando, direbobi da dillalai duk suna ci daga wannan ruwa. Birnin Kano ma na shan ruwan kogin ta matatar Tamburawa.

Waɗanda suka rasa ba a cika jin labarinsu ba. Dubban mutane ne aka tasa daga garuruwansu da gonakinsu domin tafkin Tiga ya samu wurin kwanciya. Makiyaya sun ga burtali da makiyaya sun koma gonaki. A cikin shirin kansa, binciken da Tina Wallace ta yi daga Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 ya nuna cewa noman rani na zamani yana cin kuɗi: taki, iri, hayar tarakta da ladan 'yan ƙwadago. Ƙaramin manomin da ba shi da jari kan ba da gonarsa haya ko jingina ga mai hali, wani lokaci ya koma yi masa ƙwadago a gonar da ya gada.

Sai maganar abin da za a shuka. Gwamnati ta fi son alkama domin rage sayo ta daga waje. A 1985 Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa a Zariya, suka wallafa littafi kan yadda cin burodi ya ɗaure Najeriya ga alkamar ƙetare, inda suka nuna tsadar noman ta a manyan shirye-shirye irin na Kogin Kano. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, daga baya aka janye haramcin. Manomi dai ya ci gaba da bin abin da kasuwa ke biya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Asara mafi girma ta faɗa ne can ƙasa. Kogin Kano yana haɗuwa da na Chalawa su zama Kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ta shekara-shekara ke rayar da fadamun Haɗeja da Nguru. A can mutane na noman shinkafa, suna su, suna kiwo, duk da ruwan da ke malala da kansa ya janye da kansa. Da aka tare ruwan a sama, ambaliyar ta ragu, sakin ruwa da rani kuma ya sa wasu wurare ba sa bushewa, ciyawar kachala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa nazarin da ya nuna cewa abin da fadamun ke asara ya zarce ribar da manyan gonakin ban-ruwa na sama ke samarwa. Ba duk wannan ne za a ɗora wa Audu Bako ba, domin ƙarancin ruwan sama ya taka rawa, madatsar Chalawa ta ƙasar Ƙaraye kuma sai a 1992 aka kammala ta. Amma Tiga ce ta fara sauya halin kogin.

Idan aka kwatanta

Reshen kwatance yana ɗora wuri kusa da wuri domin a gane abin da ya sa sakamako ya bambanta. A shirin Jazira na Sudan, wanda Turawan Ingila suka kafa bayan gina madatsar Sennar a 1925, a wancan zamani manomi ɗan haya ne, hukuma ce ke faɗa masa ya shuka auduga. A Kogin Kano kuwa an daidaita ƙasa, an haƙa kanal, sannan aka mayar wa masu gonaki da filaye. Wannan ne ya ba manomin Kura damar juya wa alkama baya idan tumatir ya fi kuɗi.

Misali na biyu yana kusa. A Bakolori da ke ƙasar Talatar Mafara, rikicin diyya da rabon gonaki ya kai ga manoma sun tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Madatsa ce kamar ta Tiga, manufa iri ɗaya, amma yadda aka bi da mutane da ƙasarsu ya kai abin ga zubar da jini.

Tsarin tarayya ma ya shigo ciki. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi Tiga da shirin Kogin Kano daga hannun jiha. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka cire Yobe daga Borno. A zamanin Audu Bako manomin Kura da masuncin Haɗeja gwamna ɗaya suke kai wa kuka. Yau madatsar tana Kano, makullinta na hannun tarayya, masu jiran ruwa a ƙasa kuma suna Jigawa da Yobe da Borno.

Ruwan bai tsaya a nan ba. Kogin Haɗeja na haɗuwa da na Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar a yankin Diffa kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Da haka shawarar da aka yanke a gidan gwamnatin Kano ta zama batun hulɗar ƙasa da ƙasa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, kuma a 1990 ta sa hannu da Nijar a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da na Yobe. Kuɗin gyara ma daga waje suka zo: shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 shi ya ɗauki nauyin gyaran kanal-kanal ɗin Kogin Kano bayan shekaru suna lalacewa.

Saukarsa da rasuwarsa

A ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da gwamnatinsa. Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya hau mulki, ya sauke duk gwamnonin 12. Kanar Sani Bello ne ya gaji Audu Bako.

Sabuwar gwamnatin ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsofaffin gwamnonin. Biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Sauran goman, har da Audu Bako, an same su da laifi, aka kuma ƙwace wasu kadarori. Wannan ɓangare ne na tarihinsa kamar yadda Tiga take ɓangare, ko da yake masu yabonsa ba su cika ambatonsa ba.

Bayan saukarsa ya koma noma a ƙasar Sakkwato. Allah Ya yi masa rasuwa a 1980, shekara biyar da barin mulki, ya bar iyali. Bai ga fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba, bai kuma ga yadda Kura ta zama garin shinkafa ba.

Tambayar da ta rage

Reshen da ya fi tsufa a kimiyyar siyasa shi ne falsafar siyasa, kuma Kano ba baƙuwarsa ba ce. A ƙarni na 15 Shehu Al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. A wajen 1807 Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, yana zaune a Kano, ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki. Dukansu sun tsaya kan adalci, da shawara, da kula da maslahar talakawa, da tsare dukiyar jama'a.

Idan aka auna Audu Bako da wannan ma'auni, hukuncin ba mai sauƙi ba ne. Masu kewar zamaninsa na cewa cikin shekara takwas ya yi abin da zaɓaɓɓun gwamnoni da dama ba su yi ba, kuma ayyukan suna nan ana gani. Masu ja da wannan na cewa saurin da ya samu ya samo asali ne daga rashin majalisa da rashin 'yan adawa. Mutanen da aka tasa a Tiga ba su da wakilin da zai tsaya musu, masuntan Nguru ba a tambaye su ba, kuma sai da gwamnati ta faɗi kafin a binciki yadda aka sarrafa dukiya. Kowane ɓangare na da hujja, shi ya sa malamai ke raba tambaya biyu da jama'a kan haɗe: ko shugaba ya yi aiki, da ko akwai mai ikon tambayarsa.

Tambayoyin nan ba su tsufa ba a Kura da Bunkure. Manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal har yanzu yana jiran abin da na sama ya rage masa. Yashi da ciyawa na cike hanyoyin ruwa idan ba a yashe ba. Ana ta ƙoƙarin ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin tara kuɗin ruwa da kula da ƙananan kanal, abin da ke buƙatar shugabanci na gaskiya da lissafi a fili a matakin ƙauye. Gini irin na Tiga ana yin sa ne sau ɗaya, amma rabon ruwansa shawara ce da ake sake yankewa kowace shekara idan rani ya kama, kuma yanzu ba gwamna ɗaya ne ke yanke ta ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Audu Bako, Ya gafarta masa kurakuransa.